Ciwon kumburin tsoka: ana iya hango wanda zai taɓa wa huhu ko zuciya?

Ummu_Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yayata ce likitoci suka tabbatar tana da ciwon nan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi tsoka, damatomayosaitis. Shekararta 41. Ya fara mata da kasa ɗagowa daga sujada sai ta dafa bango, daga baya ko taje kai ya gagare ta, fatar idonta ta kumbura ta yi duhu, bayan yatsunta ya yi kirci-kirci. An ɗora ta a kan maganin sitiroid, firednisolon 60mg, alhamdulillahi ƙarfi ya fara dawowa, CK ɗinta, wato gwajin jinin da ke nuna lalacewar tsoka, ya sauko daga sama da 7,000 zuwa ƙasa da 1,000. To yanzu likita ya rubuto hoton CT na ƙirji, gwajin busa na auna ƙarfin huhu, ECG da eko na duba zuciya, da wani gwajin jini da ya ce sai an tura shi waje. Ita kuwa ba abin da ke damunta a ƙirji sai ɗan busasshen tari, wanda duk gidan muke yi tun da hazo ya sauko. Da gaske ana iya gane wanda ciwon zai taɓa wa huhu ko zuciya tun kafin ya taɓa? Ko a bar kuɗin a sayi magani? Mijinta malamin firamare ne, kun dai gane.

Baban_Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni a ganina tun da sauƙi ya samu, a riƙe abin da ke aiki. Wani lokaci takardun gwajin nan sun fi maganin cin kuɗi.

Maman_Tagwaye: Don Allah 'yar'uwa kada ki raina tarin nan. Ni da tari nawa ya fara, ba da tsoka ba. Haki nake idan na hau bene, ga zazzaɓin yamma, ga ciwon gaɓɓai. Aka ɗauki hoton ƙirji a wani asibiti aka ce tibi ne, duk da gwajin majina bai nuna komai ba. Na shanye maganin tarin fuka na wata 6 cif, numfashi sai baya yake yi. Sai da wata likita ta kama hannuna ta ga gefen yatsuna sun yi kaushi sun tsattsage, ta tambaye ni ko aikin ƙarfi nake, na ce ni ɗinki nake. Ita ta tura ni gwajin da ya fito da anti-Jo-1. Kafin a gano, ƙasan huhuna ya riga ya yi tabo, kuma tabo ba ya gogewa.

Likitan_Gaɓɓai: Hajiya Ummu Hanif, sannu da jinya. Amsar ita ce e, ana iya hasashe, ba ɗari bisa ɗari ba, amma daidai yadda zai sauya irin maganin da za a bayar. Abin da nake so ki fara riƙewa: saukar CK labarin tsoka ne kawai. Huhu yana iya lalacewa a daidai lokacin da cinyoyi ke samun ƙarfi. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo yana taɓa musu huhu, wasu binciken ma sun samu fiye da haka, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

Gwajin da aka ce a tura waje yana neman irin sojojin garkuwar da suka juya wa jiki baya, domin kowanne da halinsa. Anti-Jo-1 da Maman Tagwaye ta ambata shi ya fi yawa, an san shi tun 1980, ana samun sa a jikin kamar 1 cikin 5 na masu ciwon. Masu shi, mafi yawansu huhu yana shiga ciki, sai dai yakan tafi a hankali kuma yana jin magani. 'Yan'uwansa PL-7 da PL-12 sun fi son huhu a kan tsoka, har mutum yana iya zuwa ba raunin tsoka sam. Anti-Mi-2 fata da tsoka yake kamawa, da wuya ya je huhu. Anti-TIF1-gamma da NXP2 su kuma ciwon daji suke sa mu nema, musamman a shekaru 3 na farko. Wanda ke hana mu barci shi ne anti-MDA5. Likitocin Japan suka fara bayyana shi a 2005. Shi tsokar ba ya cika damunta, amma huhun yana iya cinye shi cikin makonni, kamar gobara a ɗakin kara.

Nas_Talatu: Ƙari a kan bayanin Likita. Huhu yana shiga matsala ta hanya 3 a wannan ciwo, mutane ɗaya suka sani. Akwai kumburin naman huhun kansa. Akwai raunin tsokar numfashi, mutum ya kasa jan iska sosai, musamman idan ya kwanta rigingine. Sai kuma raunin maƙogwaro, abinci ko ruwa ya riƙa zarcewa huhu ya kawo nimoniya. Ummu Hanif, yayarki tana ƙwarewa idan tana shan ruwa? Muryarta ta canza?

Ɗan_Famasi: Likita, ba musu nake ba, amma mu faɗi gaskiyar aljihu. Nakan ga iyalai sun kwashe abin da suka tara sun biya gwajin da za a tura ƙasar waje, a yi ta jira makonni, sakamako ya dawo, sannan ba kuɗin sayen maikofenolet, maganin danne garkuwa, na wata biyu. Wa gari ya waya? Idan dole a zaɓa, ni CT da gwajin busa zan sa gaba. Su suke nuna abin da ke faruwa yau.

Likitan_Gaɓɓai: Malam Ɗan Famasi, a jerin fifiko ban saɓa maka ba, CT da busa su ne gaba. Inda muka rabu shi ne ɗaukar gwajin jinin a matsayin ado. CT yana nuna yau, gwajin jinin yana nuna saurin da gobe za ta zo da shi. Hoto iri ɗaya a jikin mai Jo-1 da mai MDA5 ba magani iri ɗaya muke bayarwa ba. Na farko za mu iya farawa da sitiroid da maikofenolet ko azatayofirin ko takrolimus, mu sa ido. Na biyu ba a jira. Tsarin da likitocin Japan suka bi shi ne a haɗa guda 3 tun ranar farko: sitiroid mai yawa, takrolimus, da saiklofosfamaid ta jijiya. Binciken da suka wallafa a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa haka sun fi rayuwa a kan waɗanda aka riƙa ƙara wa magani ɗaya bayan ɗaya.

Hajiya_Damagaram: Salamu alaikum. Abin da likita ya faɗa na MDA5, a gidana ya faru. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kukan rashin ƙarfi ba, har ranar da aka kwantar da shi da ƙafarsa ya shiga mota. Gyambuna ne suka fito masa a gwiwar hannu da bayan yatsu, tafin hannunsa ya yi ƙuraje masu zafi, bakinsa ya yi miki, gashi na zuba. Aka yi ta maganin fata. Da hakin ya fara aka ce nimoniya ce, aka canza allura aka sake canzawa. Lokacin da wani lokotoro a Yamai ya yi zargin abin, ya sa aka tura jininsa Faransa, yana kan iskar oksijin. Sakamakon ya iso bayan mun yi sadakar bakwai. Ba na cewa gwajin zai hana ajali. Amma da an san fuskar ciwon, da ba a ɓata makonnin nan ba.

Maman_Tagwaye: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, Hajiya. Allah ya raya abin da ya bari.

Baban_Khalifa: Allah ya gafarta masa. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Dokta_Karkara: Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Labarinki shi ne hujjata a kan abin da zan faɗa. Ni a ƙaramin asibiti nake aiki, CT mafi kusa da mu tafiyar rabin yini ce. Idan muka koya wa mutane cewa sai da gwajin waje ake gane mai haɗari, mun yanke wa na karkara hukunci ke nan. Alamomin da Hajiya ta lissafa, gyambo mai zurfi a kan gaɓɓai, ƙuraje masu zafi a tafin hannu, mikin baki, zubar gashi, ga CK bai hau sosai ba, wannan fuskar MDA5 ce, ido ke ganin ta. Ka sa abin sauraro a ƙasan bayan mutum, ka ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙarshen jan numfashi a ɓangarorin biyu. Ka sa masa na'urar yatsa mai auna iskar oksijin a jini, ka sa shi tafiya ta minti 6, ka ga ko iskar za ta faɗi. Sai gwajin jini na feritin, sinadarin da ke hawa idan akwai kumburi, wanda ake yi a dakunan gwaji da yawa a nan gida. A Japan sun nuna feritin da ya haura 1,600 a irin waɗannan marasa lafiya alama ce mara kyau. Gwaje-gwajen jini na CRP da LDH su ma suna ƙara haske. Duk wannan ba ya buƙatar jirgin sama.

Likitan_Gaɓɓai: Na yarda da kai, Dokta, kuma idan na ga wannan fuskar ni ma ba na jiran takarda. Sai dai ka san abin sauraro yana kuskuren ciwon da bai yi nisa ba, hoton ƙirji na gama-gari ma haka. Feritin kuma yana hawa da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon hanta, da ƙarin jini. A nan ƙasar sai an karanta shi da hankali.

Sadiq_Lab: Ni a ɗakin gwaji nake, bari in sa baki. Gwajin nan da ake turawa, galibi 'yar takarda ce mai layuka, kowane layi da irin sojan da yake kamawa. Idan layi ya fito a dishi-dishi, sau da yawa ƙarya ne. Idan kuma mutum ɗaya ya fito da uku ko huɗu a tare, a yi shakka, domin bisa al'ada guda ɗaya ake samu. Banda Ro52, shi yana rakiyar sauran, kuma idan ya rako Jo-1 ko MDA5 huhun yakan fi wahala. Sannan akwai masu ciwon da yawa da ba a samun komai a jininsu. Don haka "bai nuna komai ba" ba takardar sallama ba ce.

Abu_Sumayya: Ni fa ina ganin kun yi nisa. Mace lafiyarta ƙalau, dare ɗaya ta kasa tashi, fuska ta canza launi, likitoci da kansu sun ce ba su san abin da ke jawo shi ba. Ba a gwada ruƙiyya da habbatus sauda ba? Akwai abin da ba na asibiti ba ne.

Ummu_Hanif: Malam, addu'a kam kullum cikinta muke, kuma sai da aka zaga wajen masu magani kafin asibiti. Can ƙarfin bai dawo ba, sai da aka fara ƙwayar nan.

Nas_Talatu: Malam Abu Sumayya, ba wanda ya hana addu'a. Abin da muke roƙo shi ne kada a ce ta ajiye firednisolon don an fara wani abu. Wanda ya yi makonni yana shan 60mg ya yanke rana ɗaya, jininsa yana iya faɗuwa ya suma, ciwon kuma ya dawo da ƙarfinsa. A hankali ake sauke shi. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ma a yi hattara, ƙoda da hanta suna da aiki a gabansu.

Injiniya_Bashir: Kowa huhu yake ta faɗa, ita kuwa ta tambayi zuciya ma. Ni folimayosaitis aka ce ina da shi, ɗan'uwan ciwon nan da ba ya taɓa fata. An taɓa kwasa ta zuwa sashen gaggawa cikin dare saboda an ga tiroponin ɗina, gwajin jinin da ke nuna raunin zuciya, ya hau, aka ce bugun zuciya ne ya same ni. Aka yi ECG, aka yi eko, komai lafiya. Har yau ban fahimci abin da ya faru ba.

Dr_Zuciya: Injiniya, ka duba takardar, ina kyautata zaton tiroponin T aka auna maka. Iri biyu ne. T ɗin yana fitowa daga tsokar jiki mai ciwo ma, shi ya sa yake hawa a jikin masu wannan cuta ko da zuciya lafiya lau take. CK-MB ma haka. Wanda ya fi keɓanta da zuciya shi ne tiroponin I, shi ya kamata a nema muku.

Amma kada wannan ya sa a saki jiki. Zuciya tsoka ce, ciwon yana iya kama ta kai-tsaye. Yana iya kumbura ta, yana iya dagula wayoyin da ke tsara bugunta ta riƙa tsalle ko ta yi jinkiri, yana iya raunana ta har ƙafa ta kumbura mutum ya kasa kwanciya sai da matasai. Sau da yawa ba ta ba da sanarwa, a ECG ake fara gani, shi ya sa muke so a yi shi tun farko a ajiye don a samu abin kwatantawa. Ga kuma toshewar jijiyoyin zuciya. Wani babban bincike a Kanada ya samu haɗarin bugun zuciya ya ninka kusan sau 3 a jikin masu wannan ciwo, kuma ya fi tsanani a shekarar farko. Ga kumburi a jiki, ga sitiroid yana tayar da suga da hawan jini da kitse.

Gaskiya hasashen zuciya bai kai na huhu ƙarfi ba. Ba mu da wani soja guda da za mu nuna mu ce wannan na zuciya ne kamar yadda MDA5 yake na huhu. An alaƙanta wani soja mai suna AMA da matsalar bugu, an daɗe ana jayayya a kan wani kuma, SRP. Abin da ya fi nuna kumburin zuciya shi ne hoton MRI na zuciya, shi kuwa ba ko'ina ake samun sa ba.

Injiniya_Bashir: Na ɗauko takardar yanzu. T ne kuwa. Allah ya saka da alheri, Dokta.

Sadiq_Lab: Irin wannan ruɗanin yana faruwa da hanta ma. AST da ALT da ake aunawa a gwajin hanta suna fita daga tsoka ma. Sai ka ga an ce wa mai ciwon tsoka hanta ce, a hana shi nama da mai, alhali CK ba a auna ba. A duba GGT, idan yana daidai to da wuya hanta ce.

Maman_Tagwaye: Tun da an zo maganar magani, ni yanzu rituksimab ake sa mini duk wata 6, bayan maikofenolet ya kasa riƙe huhun. Shi ya tsayar da abin. Kuɗinsa dai sai da aka sayar da fili.

Likitan_Gaɓɓai: Labarin rituksimab yana da ban mamaki. Babban gwajin da aka yi masa a Amurka, wanda ya fito a 2013 da mutum 200, a ƙa'idar lissafi bai ci jarrabawa ba, amma kashi 83 cikin 100 na mahalarta sun samu sauƙi, kuma masu Jo-1 suna cikin waɗanda suka fi amfana. Daga baya a Ingila aka gwada shi da saiklofosfamaid a kan huhun masu cututtukan garkuwa, duka biyun suka ƙara ƙarfin numfashi, rituksimab bai fi ba amma ya fi sauƙin illa. Saiklofosfamaid ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa har gobe muna amfani da shi. Matsalarsa yana iya kashe ƙwayayen haihuwa, yana kuma taɓa mafitsara.

Akwai IVIG, sojojin garkuwa da ake tacewa daga jinin masu bayarwa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don damatomayosaitis a 2021. Giram 2 ake bayarwa a kan kowane kilo duk wata, wato mai kilo 60 giram 120, ku je ku tambayi kuɗin kwalba ɗaya. Yana da amfani ƙwarai ga mai matsalar haɗiya, kuma ba ya karya garkuwa, sai dai yana iya daskarar da jini a jijiya. Ga MDA5, likitocin Shanghai sun ba da rahoto a 2019 cewa tofasitinib ya taimaka idan an fara da wuri. Idan kuma tabo ne ke ci gaba ba kumburi ba, akwai nintedanib, shi rage gudu yake, ba ya mayar da abin da ya tafi.

Ɗan_Famasi: Duk waɗannan sunaye masu daɗi, amma abin da na fi gani yana kwantar da mutanenmu shi ne ƙwayoyin cuta bayan an danne garkuwa. Kafin a fara a nemi tarin fuka da kyau. A auna ciwon hanta nau'in B, domin yana da yawa a cikinmu, kuma rituksimab yana iya tayar da wanda ya kwanta har hanta ta tsaya. A auna HIV da suga. Wanda zai daɗe a kan sitiroid mai yawa tare da wani maganin akan ba shi Septrin don kare wata muguwar nimoniya. To a nan ake yin ɓarna: Septrin da metotireksat, wani maganin danne garkuwa, ba sa haɗuwa, suna iya rushe ɓargo. Azatayofirin da alofurinol na masu ciwon gawut haka. Sannan rifamfisin na maganin tibi yana sa hanta ta ƙone firednisolon da takrolimus da sauri, mutum yana sha kamar ba ya sha. Duk wanda aka haɗa wa biyun, likitocin su san da juna.

Dokta_Karkara: Maganar tibi ita ce ciwon kaina. Mai ciwon tsoka a kan sitiroid ya zo da sabon tari da zazzaɓi: ciwon ne ya motsa, tibi ne, nimoniya ce, ko metotireksat ne ya taɓa huhu? Na farko ƙarin magani yake so, na biyu da na uku ƙarin maganin zai iya kashe shi. Maman Tagwaye an ba ta maganin tibi ba ta da shi, ni kuma na ga wanda aka ƙara wa sitiroid alhali tibi ke cin sa. GeneXpert, gwajin majina na tibi, kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, a yi shi kafin a taɓa komai.

Zee_Kaduna: Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Ina kan takrolimus, azumi na matsowa. Zan iya?

Likitan_Gaɓɓai: Zee, wannan sai ke da likitanki, shi ya san ƙodarki. Takrolimus na gama-gari duk awa 12 ake sha, tsakanin sahur da buɗa-baki kuwa ya fi haka, tsakanin buɗa-baki da sahur bai kai ba. Ga ƙishirwa, shi kuma ba ya shiri da ƙoda mai ƙarancin ruwa. Wanda ciwonsa ya lafa wani lokaci ana iya daidaita masa, wanda huhunsa ke kan ganiya ni ba na ba shi shawara. Ki kuma guji diklofenak da ibufurofen.

Abu_Sumayya: A nan kam babu ja, mara lafiya Allah ya yi masa rangwame, ta rama ko ta ciyar gwargwadon abin da malamai suka faɗa mata.

Malam_Fisiyo: Abu ɗaya da ba a taɓo ba. Da ana cewa mai wannan ciwo ya kwanta kada ya motsa. Binciken da aka daɗe ana yi a Karolinska ta Suwidin ya nuna motsa jiki daidai gwargwado ba ya tayar da ciwon, yana ma ƙara ƙarfi. Sitiroid kansa yana cinye tsokar cinya, zama ya ƙara cinye ta. Amma ni ba na fara wa kowa atisaye sai na ga ECG ɗinsa na kuma san inda iskarsa take tsayawa idan yana tafiya. Mai kumburin zuciya hutu ne nasa har likitan zuciya ya sallame shi.

Ummu_Hanif: Na gode ƙwarai, na karanta wa mijinta duka. An yi ECG, lafiya. An yi busa, FVC, wato yawan iskar da ta iya busowa, ya nuna 68 cikin 100. Likita ya saurari bayanta ya ce yana jin ƙarar da Dokta Karkara ya kwatanta, a ƙasa ta dama da hagu. Feritin 400 da 'yan kai. CT an ba mu rana mako mai zuwa. Gwajin waje ne har yanzu ba a daidaita ba, ni ina so a yi, mijinta ya ce a ga CT tukuna, ƙaninmu ya ce zai kawo rabi.

Ɗan_Famasi: Ina bayan maigidan. Busa ta riga ta nuna akwai magana, CT zai faɗi irinta, kuma ko me gwajin waje ya ce za a ƙara mata magani na biyu. Rabin da ƙaninku zai kawo a ajiye shi wa maikofenolet. A tuna kuma, idan tana da niyyar haihuwa a gaya wa likita tun yanzu, maikofenolet yana nakasa ɗan tayi. Azatayofirin da takrolimus su ake komawa.

Dr_Zuciya: A lura, 68 ɗin nan ba lallai duka daga naman huhu ba ne. Wadda tsokarta ba ta gama dawowa ba tana iya kasa busawa da ƙarfi. A maimaita tana zaune da kuma tana kwance, idan ya faɗi sosai a kwance to tantanin numfashi ne mai rauni. Eko ɗin ma kada a watsar don ECG ya yi kyau, yana nuna ko jini ya fara hawa a jijiyoyin huhu.

Hajiya_Damagaram: Ni dai 'yata, in da hali a ɗebi jinin yanzu. Mu ma "a ga wannan tukuna" muka yi ta yi.

Likitan_Gaɓɓai: Feritin ɗin ya ɗan kwantar mini da hankali, kuma CK da ya kai 7,000 bai cika zama halin MDA5 ba. Duk da haka zan so a yi, ko don TIF1-gamma, mace ce mai shekara 41 da damatomayosaitis, sanin zurfin da za a yi wajen neman ciwon daji na mama da ƙwan mahaifa yana da muhimmanci. Idan bai samu ba, a yi binciken dajin da ake iya yi a nan, a maimaita busa bayan wata 3. Faɗuwar kashi 10 cikin 100 ba ƙaramin abu ba ne. Haki kuwa idan ya ƙaru cikin kwanaki, ko gyambo ya fito, ko wuya ya kumbura yana ƙas-ƙas idan an taɓa, ba a jiran ranar asibiti.

Dokta_Karkara: Ku sayi na'urar yatsa ku ajiye a gida, ta fi duk gwajin nan araha. A rubuta lambar safe da yamma, a zaune da bayan ta zaga tsakar gida. Faɗuwar maki 4 ko sauka ƙasa da 90 abin kiran likita ne.

Sadiq_Lab: Da sharaɗi, Dokta. Binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna na'urar tana yi wa baƙar fata ƙarin maki, ƙarancin iskar da take ɓoyewa ya kusa ninka na farar fata sau 3. Kenan 92 a yatsanmu ba abin sakin jiki ba ne. Baƙin lalle da jan farce suna rikita ta, yatsa mai sanyi ma haka, ga shi masu ciwon nan da yawa yatsunsu na ɗaukar sanyi su canza launi. A ɗumama hannu, a bar yatsa ɗaya ba ƙunshi.

Baban_Khalifa: To ni yanzu tsakanin Likita da Ɗan Famasi ban san wa zan bi ba, kowa da hujjarsa.

Nas_Talatu: Ummu Hanif, har yanzu ba ki amsa mini ba. Tana ƙwarewa da ruwa ko koko? Tuwo yana tsaya mata a wuya? Ki zauna kusa da ita yau da daddare idan tana cin abinci, ki lura ko tarin nan yana ƙaruwa bayan ta haɗiye, ki dawo ki gaya mana.